Tambaya a kan “tall” da “high”: wanne ne “dogo” a Turanci?

Ɗalibar Koyarwa, Argungu:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida malamai da dukkan ’yan uwa da fatan an wuni lafiya.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na kwalejin horon malamai, kuma a wannan zangon an tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke nan Argungu, inda aka ba ni ’yan aji biyar in riƙa koya musu Turanci. Ranar Litinin da ta wuce na ba su aikin aji, na ce kowa ya rubuta jimla biyar a kan gidansu. Da na zauna dubawa sai na tarar wani yaro ya rubuta “My father is a long man”. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin “long”, na rubuta masa “tall” a samanta, domin wannan kam na san shi tun ina sakandare. Wata yarinya kuma ta rubuta “The wall of our house is very tall”, na ba ta makinta ban taɓa komai ba. Da malamin ajin, wanda shi ke duba aikina, ya karɓi littattafan, sai ya soke “tall” ɗin nan ya mayar da ita “high”, ya ce mini katanga ba ta zama “tall”. Kafin in tambaye shi dalili aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa.

Washegari ina gaban allo ina maimaita wa yara gyaran, sai yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce: “Malama, to giginyar da ke bayan makaranta fa, ‘tall’ ce ko ‘high’?” Na ce mata “tall” ce. Ta ce: “Ai ta fi katangarmu tsawo nesa ba kusa ba. Me ya sa ƙarama ta zama ‘high’, babba kuma ta zama ‘tall’?” Gaskiya a nan na yi tsuru-tsuru da alli a hannu, na ce mata mu bar maganar sai mako mai zuwa.

Na duba ɗan ƙamus ɗin da nake da shi, sai na ga ya fassara “tall” da “high”, ya kuma fassara “high” da “tall”, ya bar ni inda ya same ni. Saboda haka nake roƙon masana su warware mini: mene ne ainihin bambancin kalmomin nan biyu, kuma da gaske kuskure ne a kira katanga “tall”? Sannan kalmar “height” da nake gani a takardun cikewa, ta wacce ce a cikinsu? Ina so in koma wa yarinyar nan da amsar da ni kaina na gamsu da ita. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Turanci, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, kuma ki gaida mini yarinyar nan. Na shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Turanci kafin in ajiye aiki, kuma ɗaliban da suka taɓa tsayar da ni a kan wannan gaɓa ba su da yawa, akasarinsu sukan haddace gyaran ne su wuce.

Tushen rikicin yana cikin kalmarmu ta “dogo”. Da ita kaɗai muke cewa dogon mutum, doguwar hanya, doguwar katanga, dogon wando, har ma dogon Turanci idan mutum ya cika zagaye-zagaye a magana, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba, domin abin da aka ambata shi ke nuna irin tsawon da ake nufi. Bature kuwa ya raba wannan aikin ga kalmomi uku. Yaron da ya kira mahaifinsa “long man” bai yi wauta ba, ya ɗauki “dogo” ne ya neme ta a Turanci, ya kama wadda ya fara cin karo da ita. “Long” ta abin da ake aunawa daga wannan baki zuwa wancan ce, galibi a kwance, kamar igiya da hanya da gulbi da maciji, har da lokaci. Wannan ba ta da wahala, don haka bari mu ajiye ta gefe.

Ragowar biyun duka sama suke kallo, amma ba abu ɗaya suke tambaya ba. “Tall” tana auna jikin abin da kansa, daga inda ya dafa ƙasa zuwa ƙololuwarsa. “High” kuwa babban aikinta shi ne ta faɗi nisan da ke tsakanin ƙasa da wurin da abu yake, ko da abin kansa bai kai taƙi ɗaya ba. Tunda a Argungu kike, ki tuna ranar kamun kifi a Matan Fada, lokacin da jama’a suka yi dafifi a bakin ruwa, masunta sun jeru da homa da gora suna jiran a sallame su, sai wani magidanci ya ɗora ɗansa ɗan shekara huɗu a wuya domin ya hango abin da ake yi. A wannan lokacin yaron ya fi kowa bisa, kansa ya zarce rawunan manya, amma tsawonsa bai ƙaru da ko yatsa ɗaya ba. A Turanci za a ce “The boy is higher than everybody”, ba za a taɓa cewa “taller” ba. Haka tsuntsun da ya sauka a kan giginyarku, da fankar da ke rataye a rufin ɗaki, da tagar da yaro ba ya iya leƙawa sai ya taka kujera, da jirgin sama: dukkansu “high” ne, babu “tall” ko ɗaya a cikinsu.

To, yanzu ga katanga, wadda ita ce ta jawo maganar. Katanga a ƙasa take tsaye kamar giginya, don haka mai hankali zai ce ai ita ma jikinta ake aunawa, kuma yarinyar nan haka ta lissafa. Abin da ya raba su shi ne siffa. Bature yana ware “tall” ga abin da ya miƙe siriri, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, irin mutum da bishiya da hasumiyar masallaci da turken wutar lantarki da ƙarfen sabis, har kwalba da kofin gilashi. Abin da ya bazu kuwa, wanda faɗinsa ko tafiyarsa a ƙasa ta rinjayi tsayinsa, shi ake ba “high”: katanga, ganuwa, tudu, dutse. Katangar gida tana iya zama mita 2 a tsaye amma ta zagaye fili na mita 60, giginya kuwa duk jikinta sama ya nufa. Ke nan girma ba shi ne ma’auni ba, kuma abin da za ki fara cire wa yarinyar daga rai ke nan.

Shin malamin ajinku ya yi daidai? Ya zaɓi wadda ta fi dacewa, kuma a jarrabawa “high wall” ce amsar da ake nema. Amma cewa katanga ba ta zama “tall” sam, wannan ya ɗan zarce. Turawa da kansu sukan ce “tall wall” ko “tall fence” idan suna son nuna yadda abin ya yi wa mutum rumfa a ka. Da ni ne ke duba littafin, da na rubuta “high” a gefe ban rage mata maki ba. Dogon gini ma yana karɓar duka biyun, ko da yake “tall building” ta fi yawa a baki. Idan kuma aka zo faɗin adadi, bishiya tana iya zama “ten metres tall” ko “ten metres high”, duk ba laifi.

Inda babu sassauci shi ne mutum. Mutum “tall” ne, kuma tambayar ita ce “How tall are you?”. Kada ki bari ɗalibanki su saba da cewa “He is high” da nufin dogo ne, domin a Turancin yau ma’anar wannan jimla ita ce ya sha abin maye ya yi tatul. Na taɓa jin wani ɗalibina ya gabatar da yayansa ga baƙo da wannan jimla, yana alfahari, baƙon ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Akwai karin maganarmu da nakan ba ɗalibai domin ya tattara kalmomin uku a jikin dabba ɗaya: kome tsawon wuya, kai ne bisa. Ki zana raƙumin dawa a allo. Wuyansa “long” ne, kansa “high” yake, shi kansa kuma “tall” ne. Wuyan a tsaye yake, amma ya zama “long” saboda gaɓa ce ta jiki wadda ba ita ta dafa ƙasa ba, kuma haka ake yi wa hannu da yatsa da gashi, har ƙafa ma.

Ƙarin bayani kaɗan ga mai son tarihi: “high” tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana da ’yar uwa a Jamusanci, wato “hoch”, kuma tun asali maganar bisa take yi. “Tall” kuwa a tsohon Turanci ma’anarta mai hanzari ko jarumi, sai a ƙarni na 16 ta koma nufin tsayin jiki. Ina ganin shi ya sa har yau ta fi manne wa mutum da abin da ya yi kama da mutum a tsaye, ita kuma “high” ta yaɗu ta shiga farashi da muƙami da kotu da zafin jiki. Allah ne mafi sani.

Ma’aikacin Safiyo, Gusau:

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ni ba malamin harshe ba ne, aikina awon ƙasa, amma da yake kalmomin nan su ne abincinmu kullum, ina neman izinin Malam in ɗan yi ƙari a kan maganar dutse, domin a nan ƙa’idar siffa ba ta isa ita kaɗai ba.

Gaskiya ne idan mutum ya taso daga Gusau ya nufi Tsafe, ya hango Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, abin da zai ce a Turanci shi ne “high rock” ko “high hill”. Haka garin Dogon Dutsi na Jamhuriyar Nijar, wanda mutanen Arewa da Dandi suka sani sarai, wanda ya fassara sunansa da “long rock” ya ɓata shi. Sai dai masu awo suna bambanta “highest mountain” da “tallest mountain”, kuma bambancin ya koma ne ga abin da Malam ya fara faɗa, wato daga ina aka fara awon. Dutsen Everest, wanda ke kan iyakar Nepal da Sin, shi ne “highest” a duniya, domin ƙololuwarsa ta fi kowane wuri nisa daga fuskar ruwan teku. A shekarar 2020 ƙasashen biyu suka sanar da awonsa, mita 8,848.86. Amma akwai wani dutse a tsibirin Hawai na Amurka mai suna Mauna Kea, wanda abin da ya fito sama da teku daga jikinsa mita 4,207 ne kawai, ragowarsa duk yana nutse cikin ruwa. Idan aka auna shi daga gindinsa a ƙasan teku har kansa, ya haura mita 10,000, shi ya sa ake kiransa “tallest”. Everest kamar yaron Matan Fada ne ta wani gefen, domin a kan wani makeken tudu yake zaune, Mauna Kea kuwa dogo ne da ya tsaya cikin rami. Don haka dutse ma yana zama “tall” idan jikinsa ake magana.

Game da “height” da Malama ta tambaya, ita ce suna ga duka biyun. Mutum yana da “height”, katanga ma tana da shi. Amma akwai wasu kalmomi biyu da za ta gamu da su a littafin labarin ƙasa, gara ta san su tun yanzu. “Elevation” ita muke rubutawa a taswira, ma’anarta nisan wani wuri na doron ƙasa daga fuskar ruwan teku. Garin Jos yana kimanin mita 1,200, Birnin Kebbi kuwa bai kai mita 300 ba, shi ya sa gajeren mutum a Jos ya fi dogon mutumin Birnin Kebbi bisa, shi ya sa kuma sanyin garuruwan biyu ba ɗaya ba ne. Wuri mafi bisa a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419, a Afirka kuma Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5,895. “Altitude” ma nisa daga fuskar teku take nufi, asalinta daga kalmar Latin “altus” ce, amma an fi amfani da ita ga abin da ke cikin iska. Duk alhajin da ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, idan ya saurara zai ji matuƙin yana sanar da “altitude” ɗin da suka kai, kuma da ƙafa yake faɗa, misali ƙafa 35,000, wanda ya kama mita 10,668, wato sun bar Everest a ƙasa. Ba a cewa mutum yana da “altitude”, kuma ba a tambayar “elevation” ɗin yaro.

Alhajin nan idan ya isa Makka ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar agogo da ke daura da Harami, mita 601 yake kallo, kuma “tall” ce. Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, wanda aka buɗe a 2010, shi ake kira “the tallest building in the world”. Amma mutumin da ya kama ɗaki a hawa na 40 zai ce yana kan “high floor”, domin ɗakin nasa bai fi na hawa na biyu tsayi ba, nisansa da ƙasa ne ya ƙaru.

Ma’aikaciyar Jinya, Jega:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Baba Malam da Malam mai safiyo sun kai mu har Hawai, ni kuma bari in dawo da mu ɗakin awon yara, domin a can nake ganin bambancin “length” da “height” da idona kowace ranar rigakafi.

A ƙa’idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaron da bai kai shekara 2 ba ba a tsayar da shi a auna. Ana kwantar da shi a kan wani allo mai ma’auni, uwar ta riƙe kansa ya jingina da katakon sama, ni kuma in danne gwiwoyinsa a hankali da hannu ɗaya, in jawo katakon ƙasa har ya taɓa tafin ƙafarsa, yawanci yana tsala ihu. Abin da na karanta a nan, a gurbin “length” nake rubuta shi. Yaron nan dai, ranar da ya cika shekara 2 ya tsaya da ƙafarsa a jikin ma’auni, awonsa ya koma “height”. Kuma awon biyu ba sa zuwa daidai, na kwance yakan fi na tsaye da kimanin santimita 0.7, shi ya sa ba a gwamutsa su. Saboda haka, ’yar uwa, jariri shi ne mutum ɗaya tilo da ake cewa “long” a Turanci ba a yi kuskure ba, misali “The baby is 50 centimetres long”. Kina iya gaya wa yaron da ya rubuta “long man” cewa mahaifinsa ya taɓa zama “long”, amma tun yana goye.

Abin da ya fi damuna da kalmar “height” shi ne rubutunta da furucinta. Ana furta ta “hait”, amonta ɗaya da “light” da “night”. Da yawa daga cikinmu muna cewa “heit”, saboda muna ganinta kusa da “weight” a takarda, rubutunsu kusan ɗaya, alhali “weight” ce ake furtawa “weit”. Wanda ya ce “heit”, abin da kunnen Bature zai ji shi ne “hate”, wato ƙiyayya. A rubutu kuma na sha ganin “hight” da “heigth” da “heighth” a katunan marasa lafiya. Na biyun da na ukun ina gane inda suka fito, domin ’yan uwanta “length” da “width” da “depth” duk da “th” suke ƙarewa, sai mutum ya zaci ita ma haka take. Harafin “t” kaɗai ne a ƙarshenta, kuma akwai “e” bayan “h” na farko.

Sai maganar cike takarda, wadda matasanmu ke yawan faɗawa rami a kanta. A sanarwar ɗaukar kuratan ’yan sanda ana neman namiji kada ya gaza mita 1.67, mace kuma mita 1.64. Duk lokacin da aka buɗe ɗauka sai samari su cika mana asibiti suna neman a auna su, wasu har da ɗage dunduniya idan sun ga ido ya kauce. Wani ya zo mini da takardar da aka cike masa a shagon intanet an rubuta 5.8, yana cewa ƙafa biyar da inci takwas ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, ba 10 ba, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ƙafa 5 da inci 8 sun kama santimita 172.7, ƙafa 5.8 kuwa ta kama santimita 176.8, tsakaninsu akwai santimita 4, kuma ranar tantancewa ma’auni ba ya duba abin da ke takarda. Wanda ke son ya faɗa da baki sai ya ce “I am five feet eight inches tall” ko “I am 1.73 metres tall”, ko kuma “My height is 1.73 metres”. Idan ya fara da “My height is”, ba ya ƙara “tall” a ƙarshe.

Hawan jini ma “high blood pressure” ne, zazzaɓi mai zafi kuma “high fever”. Babu inda “tall” ta shiga asibiti sai wajen ma’aunin tsayi.

Ɗalibar Koyarwa, Argungu:

Allah ya saka wa Baba Malam da Malam da Anti da mafificin alheri. Yau Litinin na fita da yara bayan aji, na tsayar da wanda ya fi kowa tsawo a ƙasa, na sa mafi gajarta ya hau benci, na ce su faɗa mini wane ne “taller” wane ne kuma “higher”. Ba su ɓata lokaci ba suka raba gardamar, yarinyar nan ma ita ce ta nuna wata hasbiya a kan giginya ta ce “high”. Na zana raƙumin dawa kamar yadda Baba ya ce, ko da yake yara sun rantse jaki na zana.

Sai dai wata sabuwa ta taso. Da muka zo kishiyoyi na rubuta “tall” da “short”, na rubuta “long” da “short”, sai yaron nan na “long man” ya ce ashe Turawa ma kalma ɗaya gare su ta “gajere”. To gajeriyar katanga fa, Baba, “short wall” ce? Sannan a littafin karatunsu na ga “tall grass” a wani shafi, na ga “long grass” a wani, ban san wadda zan tsayar musu ba.

Tsohon Malamin Turanci, Birnin Kebbi:

Madalla, ɗiyata. Na kuma karɓi ƙarin Malam mai safiyo hannu biyu, domin maganar Mauna Kea ta fi misalan da nake bayarwa a aji fito da abin fili.

Yaron ya yi gaskiya: “short” tana yi wa “tall” da “long” aiki gaba ɗaya, kamar yadda “gajere” ke yi mana, gajeren mutum “short man”, gajeriyar igiya “short rope”. “High” ce ke da tata kishiyar daban, wato “low”. Katangar da akuya ke tsallakewa “low wall” ce. Idan kika ce “short wall”, mai sauraro zai iya ɗauka katangar ba ta yi nisa a ƙasa ba ne, ta tsaya a rabin fili. Wannan ma wata hanya ce ta gwaji da za ki ba yara: idan sun rasa tsakanin “tall” da “high”, su juya abin su gani, in kishiyarsa “low” ce to “high” ce ta dace da shi. Ba a cewa “low man” da nufin gajarta, amma ana cewa “low ceiling” da “low price” da “low voice”. Kuma ki ja musu kunne a kan “low man”, domin idan aka jingina “low” ga mutum, halinsa ake zagi.

Ciyawa kuwa duka biyun daidai ne, kada ki soke ko ɗaya. Mai kallon gamba a tsaye a bakin fadama ta shanye mutum zai ce “tall grass”, mai ganin ciyawar fili ta yi yawa tana son yanka zai ce “long grass”. Dawa da gero da masara a gona “tall” ake ce musu. Gulbi idan ya kawo a watan Agusta har ya hau gonakin shinkafa, “The river is high” ake cewa, domin fuskar ruwan ce ta tashi, zurfinsa kuwa “deep” ne, wannan kuma darasin wata rana ne.

Akwai wasu maganganu da za ki gamu da su waɗanda ba su bin kowace ƙa’ida, sai dai a haddace. “A tall order” aiki ne mai wuyar cikawa da aka ɗora wa mutum, “a tall story” labari ne na shaci-faɗi irin na mafarauci, “It is high time” kuma na nufin lokaci ya yi har yana neman wucewa. Waɗannan ba na ’yan aji biyar ba ne, ki ajiye su don kanki. Abin da zai amfane su yanzu shi ne ki ba su jerin namu na Hausa su juya: doguwar riga, dogon wando, dogon zango, doguwar bishiya, doguwar katanga, dogon hanci. Ki sa musu dogon yaro a ƙarshe, ki ga wanda zai rubuta “tall boy” da wanda zai fara tambayarki ko bishiyar kike nufi, domin ita sunanta “neem”.